Waya a hannunka, asiri a hannun wa?

In ka shiga babbar kasuwar Maraɗi da hantsi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta birnin Yamai, za ka tarar ciniki iri biyu ne ke tafiya lokaci guda. Akwai wanda ake yi a bakin rumfa, ana tayi ana albarka, akwai kuma wanda ake yi cikin waya. Alhaji na zaune bisa buhu yana tambayar kuɗin gero a Dawanau ta Kano. Hajiya mai atamfa ta tura hoton zane ga mai kawo mata kaya daga Lome, ta bi shi da saƙon murya. Mai albasar Galmi na jiran direba ya faɗa masa ko mota ta ƙetare iyaka. Yaron shago ya dawo daga wurin aika kuɗi, an ɗauki hoton takarda an tura wa mai kaya. Kafin a kira azahar, miliyoyin sefa sun fita daga wannan aljihu sun shiga wancan, alhali mai saye bai ga fuskar mai sayarwa ba.

A shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aiki a ƙasarmu, salula abin manya ce, sai wane da wane. Yau kuwa har mai tallar goro tana da tata. To amma akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba. Duk abin da ɗan kasuwa ke ɓoyewa a da cikin ƙirjinsa ko cikin littafin bashi, yanzu yana cikin wannan ɗan ƙarfe: wa yake bi, wa ke binsa, ina yake saro kaya, nawa yake ci riba, yaushe zai kama hanya da kuɗi. Bahaushe in zai yi maka babbar addu'a, sai ya ce Allah ya rufa asiri, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar wannan addu'a, domin ran da aka san abin da ke cikin aljihunsa, ran nan ciniki ya lalace. Shi ya sa gardamar da ake ta yi a duniya kan sirrin jama'a a intanet da kuma sauraren wayoyi da gwamnatoci ke yi, gardama ce da ta shigo har cikin rumfarmu.

Abin da waya ke faɗi ba da saninka ba

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Muddin waya na kunne, tana magana da ƙarfen rezo mafi kusa da ita, ko ka kira wani ko ba ka kira ba, domin ta haka ne kamfani ke sanin inda zai same ka in an neme ka. In ka yi kira, na'urorin kamfani suna rubuta lambarka, da lambar wanda ka kira, da lokacin, da tsawon maganar, da ƙarfen da ya ɗauki kiran, har da lambar jikin wayar kanta, wadda ba ta canzawa ko da ka canza layi. Wannan shi za mu kira sawun magana. Ba maganar ce ba, sawunta ne.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda ba a ji abin da na faɗa ba? A tambayi masu bin sawun dabba. Ba su ga raƙumi ba, amma za su gaya maka ko da kaya yake, ko gurgu ne, ko da dare ya wuce. A ɗauka wata mai sayar da kayan miya ta kira likitan mata sau uku cikin mako, ta kira uwarta da tsakar dare, washegari wayarta ta kwana a unguwar asibiti. Ko kuwa wani ɗan kasuwa kullum ranar Lahadi yana kiran lamba guda a Jibiya, Litinin kuma wayarsa ta bi hanyar Ɗan Isa. Ba sai an saurari ko kalma ɗaya ba, labari ya riga ya fito. Janar Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar manyan hukumomin leƙen asirin Amurka guda biyu, ya faɗa a bainar jama'a a shekarar 2014 cewa ƙasarsa takan kashe mutane bisa irin wannan sawu.

Shi kuwa kira na yau da kullum da rubutaccen saƙo na SMS, ta cikin na'urorin kamfani suke bi, kuma duk wanda aka buɗe wa ƙofar waɗannan na'urori zai iya ji, zai iya karantawa.

Yadda abin ya faru a Amurka

Ƙasar da wannan gardama ta fi zafi ita ce Amurka, kuma dole mu san labarinta, domin yawancin abubuwan da muke amfani da su a waya, WhatsApp da Facebook da Google, kamfanoninta ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar ƙasar ta yi gaggawar amincewa da wata doka da ake kira Patriot Act, shugaba George Bush ya sa mata hannu ranar 26 ga Oktoba na wannan shekara. Dokar ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na neman bayanan mutane. Jama'a na cikin firgici, masu tambaya kaɗan ne.

A watan Disamba 2005 jaridar New York Times ta tona cewa shugaban ya ba hukumar NSA izinin sauraren wasu wayoyi ba tare da takardar alƙali ba. A 2006 wani tsohon ma'aikacin kamfanin waya na AT&T mai suna Mark Klein ya bayyana cewa akwai wani ɗaki na sirri a ginin kamfanin a birnin San Faransisko, inda ake kwafe abin da ke wucewa ta igiyoyin intanet. Maimakon a hukunta kamfanonin da suka ba da haɗin kai, sai majalisa ta yi doka a 2008 ta kare su daga shari'a.

Babban tonon silili ya zo a watan Yuni 2013, lokacin da wani matashi mai aiki da NSA, Edward Snowden, ya kwashi takardun sirri ya miƙa wa ƴan jarida. Nan duniya ta ji cewa hukumar tana tara sawun kiran miliyoyin Amurkawa kullum, masu laifi da marasa laifi, kuma tana karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet. Har wayar shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, aka ce ba ta tsira ba, alhali Jamus ƙawar Amurka ce. Snowden ya tsere, ya ƙare a Rasha, inda aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022.

Abubuwa biyu da suka fito bayan haka sun cancanci a riƙe su. Na farko, wani kwamiti da gwamnatin Amurka da kanta ta kafa don sa ido ya ba da rahoto a watan Janairu 2014 cewa bai samu ko bincike ɗaya na ta'addanci da tara sawun kiran kowa da kowa ya kawo wani canji na a zo a gani a cikinsa ba. Na biyu, babban mai binciken cikin gida na NSA ya amsa a 2013 cewa an samu ma'aikata sau 12 da suka yi amfani da na'urorin hukuma don biyan buƙatar kansu, yawancinsu suna leƙen wayar mata ko miji ko masoyi. Wato na'urar da aka ce an kawo don ɗan ta'adda, ga ta a hannun mai kishi. A 2015 aka yi dokar da ta tsaida tara sawun kiran Amurkawa a dunƙule, a 2020 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Kariyar da aka samu ta Amurkawa ce. Sashe na 702 na dokar 2008 ya ba hukumomin ƙasar damar bin saƙonnin wanda ba Ba'amurke ba kuma yake zaune wajen Amurka, ba tare da takardar alƙali a kan kowane mutum ba. Ni da kai da Hajiya mai atamfa duka muna cikin wannan rukuni. A watan Afrilu 2024 majalisarsu ta ƙara wa wannan sashe shekara 2 bayan doguwar muhawara, kuma akasarin muhawarar a kan saƙonnin Amurkawa da ke faɗawa cikin tarun aka yi ta.

Kada kuma a ɗauka Amurka ce kaɗai. A watan Janairu 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da labarin cewa shekara da shekaru ana kwasar bayanai cikin dare daga kwamfutocin hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa, ginin da ƙasar Sin ta gina kyauta, ana tura su birnin Shangai. Ƙasar Sin ta musanta.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa babu mai buɗe shago don Allah da Annabi. To me ya sa Facebook ba ya karɓar ko dala a hannunmu, kuma me ya sa ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala miliyar 19 ta Amurka? Amsar ita ce, mu ne hajar. Abin da ka duba, abin da ka so, garin da kake, shekarunka, abokanka, duka ana tattarawa, sannan a sayar wa masu talla damar isa gare ka.

In a kan tallar sabulu abin ya tsaya, da da sauƙi. A 2018 aka gano cewa wani kamfanin Ingila mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87 daga Facebook, yawancinsu ba da saninsu ba, don aikin farfagandar siyasa. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa kamfanin ya sa hannu a yaƙin neman zaɓen Najeriya na 2015, ya kuma yi aiki a Kenya. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci Facebook tarar dala miliyar 5 a 2019. Turai ta fara aiki da tata doka mai tsanani ranar 25 ga Mayu 2018, kuma a 2023 aka ci kamfanin Meta, uwar Facebook da WhatsApp, tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200, wato kimanin sefa miliyar 787. Maƙwabciyarmu Najeriya ma ta ci shi tarar dala miliyan 220 a watan Yuli 2024, bisa zargin sarrafa bayanan ƴan ƙasar ba da yardarsu ba.

Akwai kuma ƙananan kuraye. A Najeriya an yi fama da masu ba da bashi ta waya, waɗanda kafin su ba mutum kuɗi sai ya yarda sun shiga jerin lambobin da ke wayarsa. Ran da ya makara da biya, sai su aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙo cewa ɓarawo ne. Sai da hukuma ta kai samame ofisoshin wasunsu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane a 2023. Duk wanda ya san abin da ake nufi da mutuncin ɗan kasuwa ya san irin wannan saƙo ya fi gobara ɓarna.

Kwado da masu fasa kwado

Tun watan Afrilu 2016 WhatsApp ya sa wa saƙonni wani irin kulli, ta yadda saƙo kan fita daga wayarka a kulle, ba ya buɗewa sai a wayar wanda ka aika wa. Kamfanin waya ba ya iya karantawa, shi ma WhatsApp ɗin ya ce ba ya iyawa. Wannan kariya ce ta gaske, amma tana da iyaka. Sawun magana yana nan. Sannan in cikin zauren mutum 200 ka yi magana, kulli bai da amfani, domin ko wanne cikinsu zai iya turawa gaba ko ya nuna wa wanda ya ga dama.

Gwamnatoci da yawa ba sa son wannan kulli. A 2016 hukumar FBI ta kai kamfanin Apple kotu don ya buɗe mata wayar wani ɗan bindiga, kamfanin ya ƙi, yana cewa mabuɗin da aka ƙera don ɗan sanda wata rana zai faɗa hannun ɓarawo. A farkon 2025 Ingila ta nemi irin wannan ƙofar baya, Apple ya gwammace ya janye wani sashe na kariyarsa daga ƙasar.

Wasu kuma ba sa jiran mabuɗi, katanga suke haurawa. Wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO ya ƙera manhajar leƙen asiri da ake kira Pegasus, yana sayar wa gwamnatoci. In ta shiga waya, tana karanta saƙo bayan an buɗe shi, tana iya kunna makirufo da kyamara mai waya bai sani ba. A 2019 WhatsApp ya ce an kai wa mutum kimanin 1,400 hari da ita ta hanyarsa, ya kai ƙara, kuma a watan Disamba 2024 wata kotu a Kalifoniya ta samu NSO da laifi. Cikin waɗanda masu bincike suka gano an hara akwai wani bishop da ƴan adawa a ƙasar Togo. A 2021 gungun ƴan jaridun duniya suka fito da jerin lambobi kimanin 50,000 da ake zaton an zaɓa don bibiya, cikinsu har da na shugabannin ƙasashe da ƴan jarida da masu kare haƙƙin jama'a. Kamfanin dai ya dage cewa don ƴan ta'adda da manyan masu laifi yake sayar da kayansa.

A nan gida Nijar

Masu dogon tunani ba su manta da shari'ar Musa Kaka ba, shugaban rediyon Sarauniya kuma wakilin RFI. An kama shi ranar 20 ga Satumba 2007, zamanin tawayen MNJ a arewa, kuma hujjar da aka kawo ita ce faifan hirarrakin da ya yi ta waya da jagoran ƴan tawaye Agali Alambo. Shi ya ce aikinsa na jarida yake yi. Alƙali mai bincike ya yi watsi da faifan bisa cewa ba ta hanyar doka aka naɗe su ba, kotun sama ta warware wannan hukunci, kuma sai a watan Oktoba 2008 aka sake shi, bayan ya shafe fiye da shekara a kurkuku. Tun ran nan ƴan Nijar suka san cewa ana iya sauraren waya, abin da ya rage shi ne wa ke ba da izini.

A ƙarshen 2013 aka rufe layuka kimanin miliyan 1 da dubu 700 da masu su ba su yi rajista da takardar shaida ba. Tun daga lokacin, kowane layi yana ɗaure da sunan wani. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta haifi hukumar HAPDP, aka sabunta dokar a 2022. Wannan hukuma ita doka ta ɗora wa karɓar kukan wanda aka yi wasa da bayanansa. Nijar na kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan wannan batu, wadda ta fara aiki a 2023.

Ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta halatta sauraren wayoyi da saƙonni saboda dalilai irin su tsaron ƙasa, yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka masu ƙetare iyaka. Gwamnatin lokacin ta ce ƙasa na cikin yaƙi, kuma gara a yi abin bisa doka. Ƴan adawa suka ƙaurace, suna cewa dokar ta saɓa wa aya ta 29 ta tsarin mulkin 2010 da ta kare sirrin wasiƙu da sadarwa, kuma ta sa izini a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. Shi wannan tsarin mulki an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Sai dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yuni 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a, ko da kuwa labarin gaskiya ne. Iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa su lura da kyau, dokar ta ambaci yaɗawa, ba ƙirƙira kaɗai ba. Wanda ya danna ya tura saƙon muryar da bai san asalinsa ba zuwa zauren ƴan kasuwa, ya sa kansa cikin magana.

Mun kuma ɗanɗana ɗaya fuskar wannan iko, wato rufewa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021, kuma duk mai karɓar oda ta WhatsApp ya san abin da kwana goman nan suka ci masa. A watan Satumba na wannan shekara Najeriya ta kashe rezo a jahar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, don matsa wa ƴan bindiga. Masu hulɗa da waɗannan kasuwanni sun ji a jikinsu. Haka ma a watan Afrilu 2022, lokacin da aka hana layukan Najeriya fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba.

Hujjar hukuma da hujjar mai rumfa

Adalci shi ne a ji ta bakin kowa. Mutumin Madarunfa ko Gidan Rumji da aka sace wa ɗa, aka kira shi ta waya ana neman kuɗin fansa, ba zai so jin wa'azin sirri ba. So yake a bi sawun wannan lamba a ceto masa ɗansa, kuma yana da gaskiya. Ɗan kasuwar da aka tare a hanya saboda wani ya tsegunta wa ɓarayi ta waya cewa ya taso da kuɗi, shi ma so yake a gano mai tsegumin. Babu ƙasar da za ta zauna lafiya in jami'anta ba su da ikon bin sawun mugu.

Masu kare sirri ma ba su ce a bar mugu ya sha ba. Tambayoyi huɗu suke yi. Wa ke ba da izini, wanda ke neman sauraren ko wani alƙali dabam? Mutum guda ake bi bisa dalili, ko taru ake jefawa a kwashe kowa? Har yaushe ake ajiye abin da aka naɗa, kuma wa ke iya taɓa shi? In an zalunci mutum, ina zai kai kuka? Labarin Amurka ya nuna cewa ko a ƙasar da ke da kotuna masu ƙarfi da jaridu masu baki, sai da aka yi shekaru ana abin a ɓoye. Sannan na'ura ba ta san mai mulki ba. Wanda ya sayo ta yau zai sauka gobe, ta koma hannun wanda yake bibiya jiya.

Akwai masu cewa wanda ba shi da laifi ba ya tsoron a saurare shi. To a tambayi mai wannan magana ko zai yarda a karanta littafin bashinsa da lasifika a tsakiyar kasuwa. Ba laifi ne a ciki ba, amma ba zai yarda ba. Addininmu ma ya san da haka: aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin juna, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan mutum sai da sallama da izini.

Ɓarawon kusa ya fi na nesa

Gaskiyar magana, mai sayar da tattasai a kasuwar Tawa ba ita Pegasus ke nema ba, domin kayan tsada ne da ake tanada don manya. Abin da ya fi yi mata barazana yana kusa da ita, kuma tana da ikon kare kanta daga yawancinsa.

Na farko, a sa wa waya lambar sirri, kada ta zama shekarar haihuwa ko 1234. In za a bar ta wurin mai caji ko mai gyara, a kashe ta, a cire katin ajiya in akwai hotunan iyali ko na takardun kuɗi a ciki.

Na biyu, duk wanda ya kira ya ce an turo maka lambobi 6 bisa kuskure, ka karanto masa, ko ya ce daga kamfani yake ko daga zauren wata ƙungiya, to ɓarawo ne. Da waɗannan lambobi zai ɗauke WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon abokan cinikinka kuɗi da sunanka. A sa wani amintacce ya kunna maka tabbaci mai mataki biyu da ke cikin WhatsApp, ba ya ɗaukar minti biyar. In kuma saƙo ya zo da sunan wanda ka sani yana neman kuɗi da gaggawa, ka kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Na uku, kada ka yi wa kowa rajistar layi da takardarka, kada kuma ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista. In aka yi laifi da shi, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa. Haka ma tsohuwar waya da ba a san asalinta ba, lambar jikinta na iya zama tana cikin wani bincike. Hoton katin shaida kuma ba abin turawa ga kowa ba ne.

Na huɗu, wanda ba ya karatu ya zaɓi mutum guda da ya amince da shi ya riƙa karanta masa saƙon kuɗi, kada ya miƙa wa duk wanda ya tarar. A wurin aika kuɗi a rage murya. Ranar tafiya da hanyar da za a bi da abin da aka ɗauko, ba maganar zaure ba ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na biyar, in wata manhaja ta bashi ko ta wasa ta nemi shiga lambobinka da hotunanka, ka tambayi kanka me ya haɗa ta da su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sauran aikin kuwa na ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne da shugabanninsu. Kamar yadda suke zama da hukuma a kan haraji da kuɗin kwastan da kuɗin rumfa, haka ya kamata su riƙa tambaya a kan wannan: wa ke riƙe da bayanan da ake karɓa a wurin rajistar layi da wuraren aika kuɗi, wane hukunci ke kan ma'aikacin da ya sayar da su, kuma in za a rufe rezo wa zai ɗauki asarar mai tumatir da kayansa suka ruɓe yana jiran kira. Ita ma hukumar HAPDP ya dace ta shigo kasuwanni ta yi bayani da Hausa da Zabarmanci, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, kamar kuɗi ne a aljihun rigar da aka manta.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle yanzu da take fita ta bar sawu a na'urorin da ba mu san inda suke ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa kasuwa mai albarka.